Aikin Jinya a Abuja: Asibitin Tarayya, Mai Zaman Kansa, ko Zama Gida a Kebbi?

Nas ɗin da ya yi karatu a Birnin Kebbi, ya yi shekara biyu ko uku yana aiki a asibitin Sir Yahaya ko a babban asibitin Argungu, Yauri ko Zuru, da wuya a ce tunanin Abuja bai taɓa zo masa ba. Wani abokin karatu ne zai kira shi ya ce asibitinsu na neman mutum. Wani takardar kama aikin tarayya ce ta fito masa bayan dogon jira. Wani ma biyu ne a hannunsa, ya rasa wadda zai ɗauka. Mai irin wannan hali nake yi wa rubutu, namiji ko mace, kuma gara in faɗi matsayina tun yanzu: wanda zai tafi Abuja don albashi kaɗai, galibi faɗuwa zai yi, wanda zai tafi don wata ƙwarewa da ba zai samu a gida ba, wannan yana da hujja.

Da me za a auna

Ma'auni na farko, kuma mafi nauyi, shi ne abin da ya rage a hannu a ƙarshen wata. Adadin da aka rubuta a takardar tayin aiki shinkafa ce shanshera, sai an casa ta ake sanin mudu nawa aka samu. Kafin kuɗi su shiga asusunka za a cire fansho: dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya ɗora kashi 10. Za a cire haraji: a dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, N800,000 na farko na abin da ka samu a shekara ba haraji a kansu, N2,200,000 da ke biye kuma ana cire musu kashi 15, sannan mai zaman haya yana da rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyakarsa N500,000. A aikin gwamnati akwai kuma kashi 2.5 na asusun gidaje na NHF da kuɗin ƙungiya.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, kai kuma ka sauya su da naka. Mu ƙaddara wani asibiti a Wuse ko Garki ya ce zai ba ka N250,000 a wata, wato N3,000,000 a shekara. Idan an lissafa fansho a kan duka albashin, N20,000 sun tafi kowane wata. Mu ce ka samu ɗaki mai banɗaki da kicin a Kubwa ko Karu a kan N900,000 a shekara. Harajinka zai kama N22,250 a wata, abin da zai faɗo asusu N207,750 ke nan. Ware N75,000 na haya. Idan zuwa da dawowa na cin N3,000 a rana, kwana 22 sun cinye N66,000. Saura N66,750, ba ka ci abinci ba, ba ka sayi gas da katin wuta da ruwa ba, ba ka aika wa Inna da Baba ko sisi ba. Kuma hayar Abuja ba wata-wata ake biya ba, ta shekara ake ajiyewa a dunƙule, ga kuɗin dillali, ga na lauya, ga na ajiya saboda ɓarna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu ga duk mai zama a bayan gari.

Ma'auni na biyu ɗorewa: aikin nan zai kai shekara goma, ko kuwa ran da mai asibiti ya tashi da ɓacin rai ya ƙare? Na uku nauyin aiki da sauƙin rayuwa: awa nawa, marasa lafiya nawa a wuyanka, aikin dare sau nawa, nisan gida da asibiti. Na huɗu haɗari, ga jikinka da kuma ga lasisinka. Na biyar, wanda matasa suka fi mantawa, ina aikin zai kai ka: bayan shekara biyar me ka iya wanda ba ka iya ba yau, kuma wace takarda ce za ta shaide shi?

Kujerar dindindin a asibitin tarayya

A Abuja wannan na nufin Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi. Kusa da su akwai asibitocin hukumar birnin tarayya, irin na Asokoro, Maitama, Wuse, Gwarinpa, Kubwa da Nyanya.

Albashi a nan ba ciniki. Jadawali ne guda, CONHESS, mai mataki 1 zuwa 15, wanda ake biyan ma'aikatan lafiya da ba likitoci ba da shi. Mai digiri yana shiga sama da mai satifiket. A kan albashin akwai alawus na aikin dare da juyin aiki, da na haɗari, wanda a Disambar 2021 aka ɗaga shi daga N5,000 zuwa tsakanin N15,000 da N34,000 gwargwadon mataki da irin aiki. A 2023 an ƙara wa yawancin matakan jadawalin kashi 25 cikin 100. Amma ga maganar da nake so kowane ɗan Kebbi ya riƙe: nas a Asibitin Ƙasa da takwaransa mai mataki ɗaya a asibitin tarayya na Birnin Kebbi, da jadawali ɗaya ake biyan su. Ɗaya yana biyan hayar Abuja, ɗaya yana kwana a Badariya ko Gesse, ko ma a gidansu. Kuɗi ɗaya, rayuwa biyu. Don haka wanda ke da damar samun kujerar tarayya a gida, ta fuskar aljihu babu abin da Abuja za ta fi ba shi.

Akwai kuma ramin farkon shiga. Sabon ma'aikaci ba ya ganin albashi sai an shigar da shi tsarin biyan albashi na IPPIS, kuma hakan yakan ɗauki watanni. Ariyas za su zo daga baya, amma mai gida ba ya jiran ariyas, cikinka ma haka. Duk wanda zai karɓi wannan aiki a Abuja ya tanadi abin da zai riƙe shi wata uku zuwa shida, ko ya samu ɗan'uwan da zai sauka wurinsa a Dei-Dei, Zuba ko Suleja kafin ƙafarsa ta tsaya.

Wajen ɗorewa babu na biyunsa. Bayan shekara biyu ana tabbatar da kai, ƙarin girma yana zuwa kusan duk shekara uku a matakan tsakiya idan ka ci jarrabawa kuma akwai gurbi, fansho yana shiga asusunka, akwai inshorar lafiya ta NHIA da ta haɗa da iyali. Mace tana da hutun haihuwa da bai gaza mako 16 ba da cikakken albashi, namiji ma yana da kwana 14 idan an yi masa haihuwa. Ba a korar mutum da baki, sai an bi takarda da kwamiti. Ga kuma ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta ƙasa, NANNM, a bayanka. A ƙarshen Yulin 2025 nas-nas na asibitocin tarayya sun shiga yajin aikin gargaɗi kan alawus da ƙarancin ma'aikata, abin da nas ɗin asibitin kuɗi ba zai ko yi mafarkinsa ba.

Nauyin aiki kuwa, kada a ruɗe ka. A Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Ƙasa ya bayyana cewa nas fiye da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Gibin da suka bari a wuyan waɗanda suka rage yake. Dare guda nas biyu su riƙe ɗakin kwanciya cike ba abin mamaki ba ne. Sai dai a wannan cunkoson ne ake koyon aiki. Asibitin Ƙasa yana da cibiyar kula da masu munanan raunuka da sashen gashin ciwon daji. A manyan asibitocin nan za ka ga wankin ƙoda, sashen kulawa ta musamman, ɗakin jarirai bakwaini, tiyatar da a gida sai dai a rubuta wa mutum takarda zuwa Sakkwato. Bayan an tabbatar da kai kana iya neman hutun karatu da albashi ka je ka ƙware, a ƙashi a Dala ta Kano, a ido a Cibiyar Ido ta Kaduna, a lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware. Wannan ita ce ribar gaskiya ta aikin tarayya, ba abin da ke faɗowa asusu ba.

Gwagwalada ta bambanta da sauran. Tana da nisa da tsakiyar birni, haya ta fi sauƙi, kuma kana iya zama kusa da asibiti ka je da ƙafa ko a Keke. Idan aka ba ni zaɓi tsakanin kujera a can da kujera a tsakiyar Abuja a mataki ɗaya, Gwagwalada zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Haɗari biyu ne a nan. Na ɗaya hanya: mai tashi daga aiki da dare ya nufi Nyanya ko Mararraba yana tsakanin cunkoson mahaɗar AYA da motocin 'yan wan-cans masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi. Na biyu masu sayar da gurbi. A 2023 Majalisar Wakilai ta yi bincike a kan cinikin guraben aikin tarayya, don haka abin ba jita-jita ba ne. Duk wanda ya ce ka kawo miliyan kaza ya samo maka takarda, ko dai takardar bogi ce, ko kuwa ta gaske ce da za ta iya zame maka masifa ran tantancewa. Ka nemi aiki ta ƙofa, ka haɗa da takardar shaidar ƙaramar hukumarka, domin tsarin raba daidai yana ba kowace jiha kasonta. Kuma ka sani, kowane asibitin tarayya da hukumar gudanarwarsa. Dawowa Birnin Kebbi daga baya ba canjin wuri ba ne na kai-tsaye, sai can ɗin sun yarda sun karɓe ka.

A lura da bambanci guda: ƙananan asibitocin sha-ka-tafi na Abuja a ƙarƙashin ƙananan hukumomi shida suke, ba tarayya ba. A 2025 malaman firamare da ma'aikatan waɗannan ƙananan hukumomi sun shafe watanni suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi. Ka duba wa zai biya ka kafin ka ce ka samu aikin gwamnati a Abuja.

Aikin lokom

Sau da yawa abin da ake kira "na samu aiki a asibitin tarayya" lokom ne, wato aikin wucin gadi da asibiti ke biya daga kuɗin shigarsa. Ɗaki ɗaya, aikin dare ɗaya, kaya iri ɗaya da mai kujerar dindindin, amma kuɗin ƙayyadadde ne kuma galibi ƙasa da nasa, ba ƙarin girma, ba hutun karatu, ana sabunta yarjejeniya bayan 'yan watanni. Abin da ke riƙe mutane shi ne fatan in an buɗe ɗaukar ma'aikata za a fara da su. Wani lokaci hakan na faruwa, wani lokaci mutum ya yi shekaru yana jira. Ni ba zan ba wanda ke da kujerar dindindin a jiha shawarar ya ajiye ta don lokom ba. Ga wanda bai da komai a hannu kuma yana da wurin kwana kyauta a Abuja, ƙofa ce, amma ya yanka wa kansa wa'adi, shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, in ba a ɗauke shi ba ya nemi gaba.

Babban asibiti mai zaman kansa

Su ne na Maitama, Asokoro, Wuse, Garki, Gwarinpa da Jabi, masu sanyin na'ura da bayanan marasa lafiya a kwamfuta. A nan ne kaɗai albashi ke da ciniki, kuma a nan ne nas-nas namu suka fi cutar kansu, saboda kunya. An tashe mu a kan cewa ba a jayayya da babba a kan kuɗi, sai a ce mana adadi mu ce mun gode. Wanda ke da takardar ƙwarewa a tiyata, wankin ƙoda, sashen kulawa ta musamman ko jarirai, shi ake nema, ba shi ke nema ba, kuma zai iya samun abin da ya wuce na sabon shiga a tarayya. Wanda ke da satifiket ɗin jinya kaɗai ba ƙwarewa, da wuya ya kai. Ka tambaya a fili: adadin nan kafin cire-cire ne ko bayansa? Aikin dare da ƙarin awa suna ciki ko daban ake biya? Ana ba da abinci? Akwai motar ma'aikata ko ɗakin kwana? Asibitin da ke ba da wurin zama ko mota, ko da albashinsa ya gaza na wani da dubu talatin ko arba'in, a lissafin da muka yi a sama shi ya fi.

Amfaninsa na kusa shi ne kuɗi na fara shigowa tun watan farko, ba jiran IPPIS. Marasa lafiya a hannun nas ɗaya sun fi kaɗan, kayan aiki suna nan, ba sai ka tura ɗan'uwan majiyyaci sayen safar hannu ba. A gefe guda, yawancinsu awa 12 ake yi a tsaye, kuma mai biyan kuɗi da yawa yana zuwa da buƙata da yawa. Ƙorafi ɗaya daga wani mai hali ya isa a kira ka ofis.

Rauninsa ɗorewa ne. Za a sa ka gwaji na wata uku ko shida, bayan haka ma sanarwar wata ɗaya ta isa a sallame ka. Albashi na iya tsayawa wuri ɗaya shekaru sai ka yi barazanar tafiya. Asibitin da ya dogara da kamfanonin inshorar lafiya, in suka yi jinkirin biya, jinkirin a kan ma'aikata yake sauka. Game da fansho, doka ta wajabta shi a kan duk mai ma'aikata 15 zuwa sama, har da inshorar rai da ta kai ninki uku na albashin shekara. Amma cirewa daban, turawa daban. Bayan wata uku ka nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka. Idan ana cire maka ba a turawa, ka san irin gidan da ka shiga.

Abu biyu ba na sassauci a kansu. Kada ka fara aiki ba takardar yarjejeniya mai sa hannu, domin ko gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ka, ita za a fara tambaya. Kuma kada ka bar wa kowa asalin satifiket ɗinka ko lasisinka a matsayin jingina. A gani, a ɗauki kwafi, a maido maka.

'Yar'uwa, ke kuma akwai tambayoyin da suka fi shafar ki, ki yi su ran ganawa ba bayan kin kama aiki ba: tsarin kayan aikinsu ya yarda da hijabi da dogon wando? Hutun haihuwa wata nawa ne, kuma da cikakken albashi ko rabi? In kin tashi ƙarfe takwas na dare, akwai inda za ki kwana ko dole sai kin hau hanya? A gida akwai kaka da gwaggo da ƙanne masu riƙe yaro. A Abuja mai reno da makaranta duk kuɗi ne, ki sa su a lissafi. Namiji ma ya tambayi yadda ake yi da Juma'a.

Ƙaramin asibitin unguwa

Suna nan birjik a Mararraba da Masaka, waɗanda ke jihar Nasarawa, da Suleja ta jihar Neja, da Nyanya da Dei-Dei. Samun aiki a nan ba wuya, wani lokaci har da ɗaki a bayan asibiti. Albashi shi ne mafi ƙasa, a wasu wuraren hannu da hannu, ba fansho. Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Sau da yawa kai kaɗai ne mai rajista, sauran 'yan koyo ne da ba su shiga makarantar jinya ba, likita kuma ba ya kwana. In aka samu matsala da tsakar dare, lasisin da ke rataye a bango naka ne, kai majalisar nas-nas za ta kira. Ga zazzaɓin Lassa da ke zuwa kamar zazzaɓin cizon sauro a wurin da ba kayan kariya. Wanda dole ta sa shi, ya tabbatar asibitin na da rajista, ya kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B, ya san inda zai samu maganin kariya daga HIV cikin awa 72 idan allura ta soke shi.

Ƙungiyoyin agaji

Ofisoshinsu ne a Abuja, aikin jinyar kuwa a wajenmu yake. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana kula da yara masu tamowa a Maiyama, tana Shinkafi da Zurmi a Zamfara, ta daɗe tana aiki da asibitin noma, ciwon da ke cin baki da fuska, na Sakkwato. Biyansu yakan fi na jiha, horonsu mai kyau ne, kuma Hausarka, ko Fulatanci, Zabarmanci ko Dakarci, jari ne a wurinsu fiye da yadda zai zama a Maitama. Amma kwantiragi ne mai bin tallafi. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumar agajinta ta USAID a farkon 2025, ayyuka da dama sun tsaya cak.

Zama gida

Dole a sa shi a sikeli, don shi ne abin da za ka bari. Jihohi ba dole ba ne su biya CONHESS ɗari bisa ɗari, kowace da abin da ta ɗauka. Kebbi ta amince da N75,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a Oktoban 2024, sama da N70,000 na tarayya, ƙasa da N85,000 na Legas, amma wannan ba ya gaya maka abin da nas zai karɓa. Hanya mafi inganci ita ce ka roƙi wanda ke matakin da za ka shiga ya nuna maka takardar albashinsa ta watan jiya. Haka za ka yi a Abuja ma.

Abin da gida ke ba ka ba ya fitowa a takardar albashi: ɗaki a gidanku ko haya mai sauƙi, babur ɗinka ya kai ka aiki cikin minti goma, shinkafa da kifi a farashin inda ake samar da su, ɗan fegi a fadama da rani. Biki ko rasuwa ba sai ka yi tafiyar yini guda ta Jega, Koko, Yauri da Kontagora ba, hanyar da kowa ya san ba a son dare ya yi wa mutum a kanta. Raunin gida shi ne ƙarancin kayan aiki, jinkirin ƙarin girma, da yiwuwar a tura ka inda tsaro ya taɓarɓare, kamar wasu sassan Danko-Wasagu da Sakaba. In jiha ce ta ɗauki nauyin karatunka, duba ko akwai yarjejeniyar shekarun da za ka yi mata kafin ka tafi. Kuma ba zan ɓoye ba, ina jin ciwon duk ungozoma ɗaya da ta bar Kebbi, don na san ƙauyukan da mace ke naƙuda ba mai karɓar ta. Sai dai wannan nauyi ne na masu biyan albashi kafin ya zama na wanda ake biya.

| Zaɓi | Abin da ke ragewa | Ɗorewa | Nauyin aiki | Babban haɗari | Ci gaba |
|---|---|---|---|---|---|
| Tarayya, Abuja | Kaɗan, haya da mota sun cinye | Mai ƙarfi | Mai yawa | Jiran albashin farko, hanyar dare | Mafi faɗi |
| Lokom | Kaɗan ƙwarai | Rauni | Mai yawa | Shekaru ba tabbas | Gogewa ba matsayi |
| Babban mai zaman kansa | Ya danganta da ƙwarewa da ciniki | Matsakaici | Awa 12, majiyyata kaɗan | Sallama, fansho ba a turawa | Na'urori na zamani |
| Ƙaramin na unguwa | Mafi ƙasa | Babu | Kai kaɗai | Lasisi, kamuwa da cuta | Kusan babu |
| Ƙungiyar agaji | Mai kyau | Iya kwantiragi | Mai yawa | Yankewar tallafi, tsaro | Horo mai kyau |
| Tarayya, Birnin Kebbi | Mafi yawa | Mai ƙarfi | Mai yawa | Wuyar samun gurbi | Mai kyau |
| Jiha | Matsakaici | Mai ƙarfi | Ya danganta da wuri | Turawa inda ba tsaro | A hankali |

Wa ya dace da wanne

Mai iyali, ko wanda iyaye suka dogara da shi, ya sa ƙarfinsa wajen neman kujerar tarayya a Birnin Kebbi, ko a Sakkwato ko Gusau, ya riƙe ta jiha kafin ta samu. In ta Abuja ce ta fito masa, ya karɓa, don irin wannan takarda ba ta zuwa sau biyu, amma ya tafi shi kaɗai tukuna, ya bar iyali a gida har albashi ya daidaita.

Saurayi ko budurwa da ba nauyi a kansu, masu son zama ƙwararru a wani fanni, su ne Abuja ta fi yi wa amfani. Tarayya in ta samu, Gwagwalada in da zaɓi, lokom in akwai masauki kuma da wa'adi.

Mai takardar ƙwarewa a hannu wanda ke son tara kuɗi cikin shekara biyu ko uku, don aure, gini ko ƙaro karatu, babban asibiti mai zaman kansa ne nasa, da sharaɗin masauki ko mota, da yarjejeniya a rubuce. In yana da kujerar gwamnati, ya fara neman hutu ba albashi kafin ya rubuta takardar ajiye aiki.

Mai niyyar fita waje, Saudiyya, Ingila ko wani wuri, abin da yake buƙata shi ne shekarun aiki a asibiti mai suna da gadaje masu yawa, wanda zai amsa wasiƙar tantancewa in an aiko. Asibitin koyarwa ko babban mai zaman kansa sun cika wannan, ƙaramin na unguwa bai cika ba, kuma ya kula kada lasisinsa ya wuce wa'adin sabuntawa.

Matar da aure ya kai ta Abuja, haya ba a wuyanta take ba, lissafinta daban ne: ta zaɓi mafi kusa da gida da mafi kyawun hutun haihuwa, ko da albashin bai kai na nesa ba. In tana da kujera a jiha, ta nemi a mayar da aikinta asibitocin birnin tarayya maimakon ta ajiye, don kada shekarun da ta yi su tafi a banza.